Hirar da Baba Nomau Ya Hana Kansa

Duk shekara idan aka buɗe makaranta, sai an sami wani cikin ɗalibaina ya ɗaga hannu ya tambaye ni yaushe ake sa *a*, yaushe ake sa *the*, kuma me ya hana Ingilishi tsayawa kan hanya guda wajen faɗin abin da ya wuce. Ina ba su amsa yadda aka ba ni. Abin da ban taɓa gaya musu ba shi ne wanda ya sha wahalar wannan amsar, domin ba ni ba ne.

Muna lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi ƙasa ta shiga siyasar jam'iyyu. Malamai suna yajin aiki saboda babu albashi, mu ma muna namu yajin, aka soke shekarar karatu, aka sake soke wata. Gemu ya fara fito mini a majalisar shayi ta Sabon Gari, ba abin da nake yi sai gardamar 'yan takarar da ko sunana ba su sani ba. Ana haka na gamu da Mushe Yohana (Mushe muke ce wa malamin boko), wani Kirista mutumin Tsibiri da ya koyar da ni a ƙaramar makaranta. Ya ajiye alli ya kama aiki da wani furoje, shirin taimako na Turawa, na gina rijiyoyi. Turawan furojen Ingilishi ne harshensu, Faransancinsu kuwa sai dai a yi haƙuri, kuma za su buƙaci tafinta idan aikin ya faɗaɗa. Ya ce zai riƙe mini gurbin har sanyi mai zuwa ya kama. Idan na dawo da Ingilishi, aikin nawa ne, amma na baki yake nufi, ba na takarda ba. Wannan maganar ce ta kai ni Gana.

A Boku, da shigata Gana, na fara gane cewa ba duk mai yi maka Hausa ne ɗan'uwanka ba. Wani mai farar hula ya tare ni a tasha, bakinsa kamar zuma, ya ce shi wakilin wata makarantar Ingilishi ne a Kumasi, mai ɗakunan kwana da abinci sau uku. Ya karɓi kuɗin rajista, ya ba ni takarda mai hatimi, har da addu'ar sauka lafiya. Na gode masa sosai. Wannan godiyar ce ta fi komai ƙona mini rai daga baya.

Bayan Tamale motarmu ta mutu a daji, muka wuni gefen hanya. Wata tsohuwa da ban ji yarenta ba ta ga ina kallon ƙasa, ta ɓare gasasshiyar doyarta ta miƙo mini rabi, ta ci gaba da korar ƙuda kamar ba ita ba.

A Kumasi na bi kwatancen takardar nan har ƙarshensa, ya kai ni rumfar wani kafinta mai ƙera akwatunan gawa. Ya duba takardar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini da yatsu cewa ba ni ne na farko ba. Da ya ga ban taya shi dariyar ba, ya ba ni ruwa, ya riƙe hannuna har bakin titi, ya nuna mini hanyar zango, unguwar baƙi inda mutanenmu suke.

Na isa ana kiran azahar. Bayan an sallame na tambayi na kusa da ni, “Don Allah, mi anka ce ma wanga masallaci?” Kafin ya amsa, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu ta baya. Wani dattijo ne dogo, siriri, idonsa ya fara yin fari.

“Yaro, sake hwaɗi in ji.”

Na sake faɗa. Ya tambaye ni ɗan ina ne, na ce Maraɗi. Bai saki hannuna ba har gidansa.

Sunansa Baba Nomau, mutumin Jiratawa, nan kusa da Maraɗi. Ya fito yana saurayi, ya bi fataken goro, ya yi aure a zango, matar ta rasu, gida ya yi nisa. 'Ya'yansa duka a can aka haife su, Hausarsu ta zango ce, wadda mace da namiji duk “ya zo” ne. Ya ce mini ya manta ranar da ya ji wani ya ce “tahiya” yadda ake cewa a gida. Ya ba ni ɗaki, na yi maganar haya ya harare ni. Abin da yake so guda ne, in zauna da shi kan tabarma bayan la'asar mu yi hira.

Hira na ce, amma shi yake yin ta. Sai ya tambaye ni ko gulbi yana cika har yanzu, kafin in buɗe baki ya ba kansa amsa, ya ɗora da labarin shekarar da ruwa ya tafi da jakin kawunsa. Na gaya masa yanzu an ja hanyoyin ruwa a Jiratawa, ana noman rani, zogale da tumatir ko'ina, ya ce ƙarya nake yi, in ƙara. Ni ma ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Kewar gida ta kama ni sosai a watannin farko. Dokunu, tuwon masararsu, ya ƙi zama a cikina, furar zango kuma ruwa ce kawai da sunan fura. Idan na zauna kusa da tsohon nan sai in ji kamar ina ƙofar gidanmu.

'Yarsa Salamatu, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titi, ita ta nemo mini makaranta ta gaskiya, wani ɗaki a saman shagon tayoyi. Malamar, Madam Akosuwa, gajeruwa ce mai rula a hannu, kuma tun makon farko ta gane cutata. Na ɗauko Faransanci a ka na shigo da shi ajinta. Duk abin da ya wuce sai na liƙa masa *have*. Idan na ce *I have gone yesterday* sai ta bugi tebur, ta ce muddin jiya ta shigo cikin magana, *have* ya fita. Na tambaye ta dalili, ta ce in je in tambayi wanda ya ƙirƙiro harshen. Ina sa *the* gaban komai, gaban rayuwa, gaban haƙuri, gaban yunwa. Kalmomi kuwa sai in tsallake ƙanana in ɗauko manya masu kama da na Faransanci, har ta ce ina sayen burodi da bakin lauya. Ni kuma mutum ne mai gardama, kowace ƙa'ida sai na nemo mata inda ta karye, in kawo mata ina murna kamar na kama ɓarawo.

A takarda na yi kyau. Bakin ne ya ƙi. Da na sauko daga benen nan Hausa ke jirana: mai koko, mai aski, mai gyaran takalmi, har yaran motar Asante suna jin ta. Na yi tafiyar kwanaki don in guje wa harshena, na tarar ya riga ni isa. Da damina ta fara, Madam ta yi mana jarrabawar baki. Ta ce in ba ta labarin yadda na zo Kumasi, labarin da na fi kowa sani. Na tsaya ina jera kalmomi a kai da Hausa, in mai da su Faransanci, in nemi Ingilishinsu, har ta gaji ta rufe littafinta. Ta ce mini ba ta son cin kuɗina a banza. Ko dai in bar zango in koma gidan wasu 'yan cocinsu inda ba mai jin Hausa, ko in koma ƙasarmu tun da sauran ƙarfina.

Ita a ganinta magana ce mai sauƙi, ɗaukar jaka kawai. Amma a wurinmu baƙo ba ya sauya mai masauki. Wanda ya kwashe kayansa daga gidan da aka sauke shi ya koma wani, ya yi shela ke nan cewa gidan ya gaza, kuma har jikoki sai an yi musu gori. Na rasa yadda zan yi. Idan na zauna, sanyi zai zo ya same ni bebe, gurbin ya tafi. Idan na tashi, na kunyata tsohon da ya riƙe ni kamar ɗansa. Na yi shiru da maganar, ban san Madam tana sayen abinci wurin Salamatu ba, ashe zancen ya riga ya kai kunnen tsohon.

Washegari bayan la'asar na fito, na tarar Baba Nomau ya tara gidan gaba ɗaya, har jikoki. Bai yi doguwar magana ba, abin da ban taɓa gani ba.

“Yaron ga ba hira ta kawo shi ƙasar ga ba. Ba shi barin gidana a ce Nomau ya kasa baƙo. Amma daga yau duk wanda yay yi mishi Hausa, ni da shi. Har ni kaina. Randa madam tac ce ya iya, sai mu buɗe baki.”

Bai tsaya nan ba. Ya bi layin da sandarsa, wurin mai shayi, wurin mai aski, har liman. Sallama da salla kawai ya bar mini.

Na yi dariya a raina, na ce ba zai kai Juma'a ba. Ingilishinsa duka na kasuwar goro ne, zo, tafi, nawa, gobe, bai cika tafin hannu ba. Dokar da ya kafa, sauran mutanen gida harshe kawai ta sauya musu, shi kuwa baki ta rufe masa gaba ɗaya. Juma'a ta zo ta wuce. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarmar nan kamar yadda ya saba, ya zauna gefe guda ya bar mini gefe, yana jan carbi. Na gwada shi ta kowace hanya. Na taɓa ce masa da Hausa an mai da kasuwar Jiratawa cikin gulbi, don dai ya ƙaryata ni. Na ga leɓensa ya motsa, sannan ya juya fuskarsa ga bango. Raina ya ɓaci, na tashi na bar masa tabarmarsa. Washegari ya sake shimfiɗa ta.

Abin haushi, maganinsa ya yi aiki. Idan ina son ruwan wanka sai na roƙa da Ingilishi. Jikokinsa suka mai da ni abin wasa, kowane kuskure sai sun rera shi kamar waƙa, Salamatu kuma ba ta zuba mini abinci sai na gaya mata daidai abin da na ci jiya da abin da na riga na ci yau. Yunwa ta koya mini abin da rula ta kasa.

Madam ta ba mu aikin gida, kowa ya riƙa ba da labarin abin da ya wuce da babbar murya, ko da bango zai ba wa. Ni sai na riƙa yin nawa a kan tabarma. Ran nan ina ta fama, na ce mahaifiyata ta je Jiratawa ta sayi tukunya. Carbin ya tsaya. Bai ji komai cikin jimlar ba sai sunan garinsu. Ya ɗago ya dube ni, ya lalubo kalma guda cikin 'yan kalmominsa.

“*Again*.”

Na sake. Daga ranar na riƙa cusa sunaye cikin kowane labari. Na je Tsibiri, na dawo ta Jiratawa, na kwana Sabon Gari, na sake komawa Jiratawa neman akuyar da ban taɓa mallaka ba. Shi kuma yana zaune ido rufe, yana jiran sunayen su wuce ya gyaɗa kai, kamar mai tsintar gyaɗa a cikin ƙasa. Madam ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da kowace jiya tasa a gari guda take ƙarewa ba. Da tukunyar nan ma ta warware mini rikicin *a* da *the*. Ta ce abu idan ya shigo magana karon farko baƙo ne, idan ya sake dawowa ya zama ɗan gida. Na nemo mata wuraren da hakan bai yi ba, kamar yadda na saba, ta ce in fara riƙe wannan tukuna.

Tsakiyar damina tari ya kwantar da shi. Ruwan Kumasi ba ya ɗaukewa, ɗakinsa duk danshi. Na ƙi zuwa makaranta na zauna kusa da shi, na ce masa da Hausa, Baba, a ɗage dokar nan har ka warke, ba wanda zai ji. Ya daɗe yana kallona. Na tabbata zai yarda, don na ga maganar ta cika masa baki. Sai ya ɗaga hannu ya nuna ƙofa, ya ce, “*Go school*.” Na tafi ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Sanyi ya kusa, Madam ta kawo wani Bature baƙon cocinsu ta haɗa mu, ta koma gefe. Ya tambaye ni ƙasarmu, na ba shi labarin yajin karatu, da mai farar hula, da akwatunan gawa, har ya yi dariya inda ya kamata. Da ya fita ta ajiye rularta ta ce in tafi, ba ta da sauran abin da za ta yi da ni. A tashar albasa, kan hanyata ta gida, wani direba ɗan Maraɗi da ya kwana biyu yana cigiyata ya ba ni saƙon Mushe Yohana, cewa in taho maza, Turawa sun fara tambaya. Motarsa ta gama lodin goro, da safe za ta juya.

Na shiga gida da gudu, da Hausa a bakina tun daga zaure. Baba Nomau ya ce madalla, ya shimfiɗa tabarma, muka zauna. Ya gyara murya. Ya sake gyarawa. Kafin ya kama zance labari ya bazu a layi, mai shayi ya shigo, mai aski ya shigo, liman da mutanensa, kowa da Hausar da ya tara mini ta watanni. Gidan ya cika da surutu, tsohon yana tsakiya yana murmushi, ba ya cewa komai. Sai dab da magariba aka watse. Ya miƙo mini ƙunshin goro da turmin zane, ya ce in kai wa ƙanwarsa Gwamma a Jiratawa, in ce mata yana nan.

“Na tara maka zance, Laminu, ba kaɗan ba,” in ji shi. “Ga shi ban san ta inda zan kama ba, kuma ba na yini guda ba ne. Tahi ka kama aikinka. In ka samu hutu ka zaka, mu yi shi a natse.”

Muna hanya, mun wuce Wagadugu, rediyon direba ya fara kiɗan soja. An yi juyin mulki a gida. Ban ɗauka abin ya shafe ni ba, ni da ba ni da jam'iyya. Na isa Maraɗi na tarar an dakatar da komai a furojen, ana jiran umarni daga ƙasar Turawan. Umarnin ya zo, suka kwashe motocinsu, aka sa kwaɗo a ƙofar buro, wato ofishinsu. Na bi Mushe Yohana har Tsibiri, na same shi yana gyaran rumbu. Ya ce in yi masa Ingilishin ya ji. Na yi. Ya ce ya yi kyau ƙwarai, ya ba ni haƙuri har na ji kunya, alhali shi ma nasa aikin ya tafi.

Shekaru na yi ina sayar da fetur a kwalba a bakin titin Sabon Gari kafin in sami aikin koyarwa. Ba fetur ɗin ke damuna ba. Abin da ke cina har yau shi ne ashe babu wani sauri. Da na yi shekara biyu ina koyo a hankali, rabi Hausa rabi Ingilishi, da ba abin da na rasa, shi kuma da ya sha hirarsa. Ba wanda ya yi laifi, kowa alheri ya nufa, amma ina nadamar watannin nan fiye da komai a tafiyar. Hutun da ya ce ban samu halinsa ba. Damina ta gaba direban nan ya kawo mini labarin rasuwarsa.

Saƙonsa dai na kai tun kwanakin farko da dawowata. Na sami Inna Gwamma a bayan gidanta a Jiratawa, zaune cikin ɗanyun tukwane, yumɓu har gwiwar hannu. Ta wanke hannu, ta shafa zanen, ta fasa goro ta jefa a baki. Da ta ji na kusan shekara a gidan yayanta, ta jawo mini kujera.

“To lalle ka sha zance. Zamna ka ba ni duka. Mi yac ce game da ni? Ya tuna Innarmu?”

Na lalubi kaina. Ina da labarin gulbi da na jakin kawu, na watannin farko. Abin da ya shafe ta da mahaifiyarsu yana cikin wanda ya tara. Na gaya mata gaskiya, yadda ya hana kansa magana da ni don in iya Ingilishi in sami aiki. Ta yi dariya har goron ya kusa shaƙe ta.

“Nomau? Ai shi ubanmu ka turawa gona korar tsuntsaye, ba gwangwani ba majajjawa, bakinai kaɗai ya isa. Ko barci shikai zance shikai.”

Ta ga ban yi dariya ba. Ta tambaye ni tsawon wane lokaci, na ce tun farkon damina har sanyi. Ta juya sauran goron a hannunta.

“Allah sarki,” ta ce. “To aikin dai ka samu ko?”

Na ce mata a'a.